Idan Jirgi Ya Tsaya a Tashoshin Girka: Shawarwari Ga Iyalin Da Za Su Sauka Buɗe Ido

Mako guda a jirgin ruwa na shaƙatawa ba mako guda ba ne a ƙasar Girka. Jirgin da dare yake tafiyarsa, gari na wayewa ya tsaya a wata tasha, kafin magariba ko jim kaɗan bayanta ya ɗaga anga ya ƙara gaba. Abin da kuke da shi a kowane tsibiri bai cika wuce awa shida zuwa goma ba. In aka cire layin sauka, da shiga mota, da nema wa yara banɗaki, da layin dawowa, wani lokaci awa huɗu kacal ke saura a hannunku. Mu shida muka yi wannan tafiya: ni da uwargida, da yara uku, da Hajiya mahaifiyata mai fama da ciwon gwiwa. Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne yadda za a kashe waɗannan 'yan awoyi kowa ya ga wani abu da idonsa, kuma a koma jirgi babu wanda ya jigata.

1. Ku ajiye biza kusa da jerin tashoshin ku kwatanta tun a gida. Girka tana cikin ƙasashen Shengen, amma jirage da yawa sukan ratsa Kusadasi a Turkiyya domin masu son ganin kufan Efesus, Turkiyya kuwa ba ta cikin Shengen. Kun fita ke nan, kuma za ku sake shiga. Mai bizar shiga sau ɗaya zai iya samun kansa a tsaye bakin jirgi an hana shi hawa, kuma galibi ba a mayar da kuɗi a kan irin wannan. Ku nemi biza mai shiga sau da yawa. Tun watan Yunin 2024 kuɗin bizar Shengen ga babba Yuro 90 ne, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ku rubuta wa kamfanin jirgin, ku faɗi irin fasfon da kuke riƙe da shi, ku ce a gaya muku a rubuce abin da kowace tasha ke buƙata. Amsar baki a waya ba ta fid da mutum ranar hawa.

2. Kilishi, dambun nama da man shanu su zauna a gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga ƙasashen da ba nata ba, a filin jirgi za a ƙwace. Maganin tsofaffi kuwa a bar shi cikin kwalinsa, tare da takardar likita, musamman magungunan ciwo masu ƙarfi.

3. Agogon jirgi shi ne agogo. Kowane dare ana ajiye muku takardar shirin gobe a ɗaki, ko a sa a manhajar jirgin. A ciki akwai lokaci biyu da mutane ke rikitawa: lokacin tashin jirgi, da lokacin da dole kowa ya kasance a ciki, wanda yakan zo rabin awa kafin tashi. Na biyun ne naku. In kuma tashar ta ƙananan jiragen jigila ce, masu kwasar mutane daga babban jirgi zuwa gaɓa, to lokacin jirgin jigila na ƙarshe za ku riƙe, shi ma ya riga wancan. A lokacin bazarar Turai Girka tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, tana gaban Italiya da awa ɗaya. Jirgin da ya taso daga Italiya zai sauya agogo a hanya, waya kuma takan kama lokacin da ta ga dama gwargwadon layin da ta samu. Maigida ya ɗaura agogon hannu, ya saita shi da na jirgi kafin a taka ƙasa.

Jirgi yakan jira motar da ta kwashi mutanen rangadin da shi ya shirya. Wanda ya fita don kansa ya makara, ba a jiransa, kuma shi zai nemi hanyar riskar jirgin a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Saboda haka ku ɗauki hoton takardar shirin a waya, don a jikinta ake rubuta lambar wakilin jirgin a wannan tashar, shi ne mutumin da za ku kira in abu ya faru. Kowa ya riƙe katinsa na jirgi, babba ya riƙe na yara, tare da kwafin fasfo. Ƙa'idar da muka ɗora wa kanmu ita ce, awa guda kafin lokacin shiga, muna tsaye a bakin ruwa.

4. Wuri ɗaya a kowace tasha. Wannan ita ce shawarar da zan fi nanatawa. Mutum ya kashe kuɗi, yana ganin ba lallai ya sake zuwa ba, sai ya so ya haɗa gidan tarihi da kufai da bakin teku da kasuwa a wuni ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Ku zauna da dare bayan cin abinci, ku zaɓi abu ɗaya da in kun gan shi hankalinku ya kwanta, ku fara da shi da sanyin safiya. In lokaci ya ragu, ribar ƙafa ce. Kuma a auna tafiyar da ƙafar wanda ya fi kowa rauni, tsohuwa ce ko mai goyo ko yaro ɗan shekara huɗu. Garuruwan nan kusan duk a kan tudu suke, hanyoyinsu daɓen duwatsu ne da matakala. Keken tura jariri wahala yake zama. Zanin goyo ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. Takalmi mai taushi mai riƙe ƙasa, hula ko laima, da gorar ruwa a hannun kowa.

5. Ba kowace tasha ke buƙatar rangadin kamfani ba. Yana da tsada, iyali mai mutum shida zai ji a jikinsa. Abin dubawa shi ne nisa. A Rodos jirgi na tsayawa dab da ganuwar tsohon gari, da ƙafa za ku shiga. Amma Katakolo ƙaramin gari ne da ake tsayawa dominsa saboda Olimfiya, inda aka fara wasannin Olamfik a shekara ta 776 kafin Miladiyya, kuma tsakaninsu tafiyar kimanin minti 40 ce a mota. Lindos a tsibirin Rodos kusan kilomita 50 ne daga tasha. Irin waɗannan wurare masu nisa su ne suka cancanci a biya kamfani, don kuna sayen tabbacin ba za a tafi a bar ku ba. A Olimfiya ku bar yara su yi tsere a tsohon filin gudun, tsawonsa kimanin mita 192, layin dutsen da 'yan tseren da suke sa ƙafa a kai yana nan. Namu har yau shi suke tunawa.

6. Atina tana son sammako. Tasharta ita ce Fireyas, a takardun jirgi za ku ga an rubuta Piraeus. Daga inda jiragen shaƙatawa ke tsayawa zuwa tashar jirgin ƙasa akwai 'yar tafiya, mai tsohuwa ya ɗauki tasi. Layi na 1 yana kai mutum dandalin Monastiraki cikin kimanin minti 20, daga nan kuna hango dutsen Akrofolis a samanku. A cikin jirgin ƙasan jaka ta dawo gaba, waya ta bar aljihun baya, don 'yan sane sun san layin baƙi ne.

Tun watan Satumban 2023 aka ƙayyade masu hawa Akrofolis zuwa mutum 20,000 a rana, kuma kowane tikiti da sa'arsa. Daga Afrilun 2025 kuɗin shiga ga babba Yuro 30 ne. Ku saya ta intanet tun kafin ranar, ku zaɓi sa'ar farko da za ku iya riska; ƙarfe 8 ake buɗewa. Ku riƙe shaidar shekarun yara, da ita ake ba su sassaucin da doka ta tanada. A watan Yulin 2023, da zafi ya haura digiri 40, hukuma ta riƙa rufe wurin da tsakar rana, kuma an maimaita hakan a shekarun da suka biyo baya. Kada ɗan Sakkwato ko Agadas ya ce ai ya saba da rana. A can saman babu inuwa, farin dutse yana mayar da hasken cikin ido, kuma ƙafafun miliyoyin mutane sun goge shi har ya yi santsi kamar an shafa masa mai.

Ginin Fartenon da ke ƙololuwa an fara shi a shekara ta 447 kafin Miladiyya. Ya zama coci, ya zama masallaci a zamanin Daular Usmaniyya, sannan a 1687 harsashin igwar sojojin Banis ya faɗa kan albarushin da aka adana a ciki, tsakiyarsa ta tarwatse. Ku gaya wa yara wannan tun a hanya, sai su kalli ginin da wani ido. Wanda ba zai iya hawa ba kada ya ji an bar shi a baya: gidan tarihin Akrofolis da aka buɗe a 2009 yana gindin dutsen, da na'urar sanyaya wuri da lif da kujeru, kuma daga benensa na sama ana kallon Fartenon ta gilashi sarai. Can Hajiya da uwargida suka zauna, mu muka hau.

7. Santorini ita ce tashar da ta fi buƙatar shiri, ita ce kuma inda muka fi shan wuya. Tsibirin bakin wani dutse ne mai aman wuta da ya fashe kimanin shekara 3,600 da suka wuce, teku ta cika ramin. Manyan jirage a tsakiyar ramin suke tsayawa, ƙananan jiragen jigila su kwashi mutane zuwa tsohuwar tasha, garin Fira kuma yana can bisa gaɓa mai tsayin fiye da mita 200. Hanya uku ce ta hawa: motar igiya, matakala kusan 600, ko jaki. Motar igiyar minti uku take yi, amma akwatuna shida ne a jere, kowanne mutum shida. In jirage uku ko huɗu suka haɗu rana ɗaya, ku lissafa da kanku.

Hawa bai ba mu wahala ba, saukowa ce. Da la'asar kowa ya tuno da jirginsa a lokaci guda, layi ya miƙe cikin lungun Fira ya wuce shaguna ya karya kwana. Mun fi awa guda a tsaye. Hajiya ta jingina da bango, farar ƙasar jikinsa ta shafi mayafinta, ba ta ce uffan ba, amma ina ganin yadda take sauya ƙafa tana cije leɓe. Wata dattijuwa mai shagon tsaraba ta leƙo, ta koma ciki, ta fito da 'yar kujera da ruwa mai sanyi, ta dafa kafaɗarta ta zaunar da ita. Duk sanda layi ya matsa sai babban ɗana ya ɗauki kujerar ya matsar, har muka kai kwana ya mayar mata. Ba mu da yaren da za mu gode mata sai kalma ɗaya.

Don haka ku fara neman hanyar sauka aƙalla awa biyu kafin jirgin jigila na ƙarshe. Matakalar mai ƙarfin gwiwa zai iya sauka ta kanta, sai dai da jakuna ake raba ta, ga kashinsu ga santsi, ba ta tsoho ko mai goyo ba ce. Jakunan kuwa ban ba da shawarar hawansu ba. Tun 2018 hukumar Girka ta hana ɗora musu abin da ya wuce kilo 100, kuma duk wanda ya tashi a inda ake kiwon jaki ya san dabbar da ta gaji in ya gan ta. Mai tafiya da tsoho ya sani cewa rangadin kamfani yakan sauke mutanensa a tashar Atiniyos inda motoci ke jira, ba sai sun yi layin hawa ba. Ku tambaya ta ina za a dawo da ku, don sau da yawa a Fira ake sallamar mutane su sauka da kansu.

Garin da ake ɗaukar hoton farin gida da shuɗiyar ƙubba ana rubuta shi Oia, ana kiransa Iya. Faɗuwar rana a can ta shahara, amma wanda jirginsa zai tashi da dare kada ya tsaya jiranta. Ku je da safe. In kuna da yara 'yan makaranta, ni na fi son Akrotiri: gari ne da tokar dutsen ta binne, masanin tarihi Spyridon Marinatos ya fara tono shi a 1967, aka samu gidaje masu bene da magudanan ruwa. An yi masa rufi, cikin inuwa za ku zaga.

8. A Mikonos iska ce mai hukunci. Meltemi suke kiranta, daga arewa take busowa, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, kuma takan sa kyaftin ya fasa tsayawa gaba ɗaya. Kada ku biya wani abu a can da ba a mayar da kuɗinsa. Garin yana da kyau da safe: fararen lunguna, da tsofaffin injinan niƙa masu aiki da iska a kan tudu. Bakin tekunsa da yamma wurin kiɗa da shaye-shaye ne da shigar da iyaye da yawa ba za su so yaransu su gani ba; gara ku sani tun kafin ku hau mota. Tsibirin Delos yana da nisan kimanin rabin awa a ƙaramin jirgi, kufai ne mai girma, amma babu inuwa, kuma ya ƙara muku wani jirgin da za ku iya makara.

9. In za a ce in zaɓi tasha ɗaya in koma, Rodos ce. Ganuwarta ta kai kusan kilomita 4, mayaƙan Kirista na ƙungiyar Yohana suka riƙe garin sama da shekara 200, har Sultan Sulaiman ya ci shi a 1522. Ku bi Titin Jarumai ku haura zuwa fadar shugabansu, sannan ku gangaro ta titin kasuwa. A samansa akwai masallacin Sulaiman mai jan fenti, daura da shi kuma ɗakin karatu na Hafiz Ahmed Aga da aka kafa a 1793, inda aka adana rubutattun littattafai na Larabci da Turkanci da Farisanci. Masallacin Ibrahim Fasha, na wajen 1540, har yanzu ana salla a cikinsa, domin akwai Musulmi 'yan asalin tsibirin. A nan muka yi azahar, Hajiya ta daɗe zaune a tsakar gidansa ba ta son tashi.

A Kirit kuwa, birnin Irakliyo Musulmin Andalus ne suka kafa shi a shekarun 820, suka haƙa rami kewaye da shi, suka kira shi Rabdul Handaƙ, suka mulki tsibirin har 961. Fadar Kinosos tana kimanin kilomita 5 daga gari. Bature ɗan Ingila Arthur Evans ya fara tono ta a 1900, ya sake gina wasu sassa da siminti. Zanen bangon na asali suna gidan tarihin cikin gari.

10. Ku tambayi nama kafin ku ci. Giros da suflaki, wato naman da ake yankowa daga sanda mai juyawa da kuma irin tsirensu, yawanci na alade ne. Kalmar alade ita ce hirino, kaza kotofulo, rago arni, kifi fsari. Ko kazar ce, sau da yawa a kan garwashi ɗaya ake gasa su, kuma akwai miyar da ake zuba wa giya. Abin da ya fi kwantar da hankali shi ne gasasshen kifi, da salak ɗin tumatir da kokwamba da zaitun da farin cuku, da sfanakofita mai alayyafo, da faten wake na Santorini da suke kira faba. Kifi sau da yawa da kilo ake rubuta farashinsa, ku ce a auna a gabanku a faɗi kuɗin kafin a ɗora a wuta. Ruwan famfon Atina ana sha. A Santorini da Mikonos na gora ake saye.

11. Alƙibla daga Girka kudu maso gabas take, ba gabas da muka saba fuskanta a gida ba. Yinin bazara dogo ne, a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 9 na dare. Ku tambayi malaminku hukuncin ƙasaru da haɗa salla kafin ku taso. Atina ta samu masallacin hukuma a unguwar Botanikos a 2020. Wanda kuke gani a dandalin Monastiraki, na 1759, ba a salla a cikinsa yanzu. Banɗakunansu babu buta, kowa ya riƙe 'yar gora, kuma a wurare da yawa takarda a kwando ake jefa ta don bututunsu sirara ne.

12. Kuɗinsu Yuro ne. Mai sefa lissafinsa a tsaye yake, Yuro ɗaya kimanin sefa 656. Mai naira ya tambayi bankinsa iyakar abin da katinsa zai iya biya a waje. Ku riƙe ƙananan takardu da sulalla na bas da ruwa da banɗaki. In na'urar biya ta tambaye ku da wane kuɗi za a cira, ku zaɓi Yuro. Ku karɓi rasit, dokarsu ce a bayar. Tun bazarar 2025 akwai harajin sauka a kan kowane fasinja, Yuro 20 a Santorini da Mikonos daga Yuni zuwa Satumba, Yuro 5 a sauran tashoshi, kuma galibi a asusunku na jirgi za ku gan shi.

13. Kada yaro ya sa ko tsakuwa a aljihu daga wurin tarihi, laifi ne a dokarsu. Coci da gidan ibadar rahibai, irin na tsibirin Fatmos, ana shiga da kafaɗa da gwiwa a rufe, murya ƙasa-ƙasa. Kalimera ita ce ina kwana, efharisto na gode. Ne a bakinsu eh ce, ohi ita ce a'a.

14. Ku rubuta sunan jirgin da lambar wayar uba a 'yar takarda, ku sa a aljihun kowane yaro kafin a sauka. Lambar gaggawa 112 ce, kantin magani kuma koren gicciye ne a ƙofarsa. Da kun koma cikin jirgi a kashe datar waya, domin a tsakiyar teku layin tauraron ɗan'adam take kamawa, kuɗinsa na cinye kati cikin minti kaɗan.

15. Ranar da wani ya ce ya gaji, a bar shi a jirgi. Ɗakin cin abinci a buɗe yake, ma'aikata suna nan, wuri ya yi tsit saboda kowa ya fita. Washegarin Santorini Hajiya ba ta sauka a Mikonos ba. Mun bar ta da 'yar autarmu da uwargida, ni da samarin muka zaga muka dawo kafin azahar. Mun same su a bene na sama, an miƙe mata ƙafa a kan kujera, carbi a hannunta, tana nuna wa jikarta injinan niƙan da ake hangowa a kan tudu.